Waƙar Ƙishirwa a Siton Taki

Gonata tana can wutsiyar kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Da aka baje ƙasar iyayenmu aka sake rabo, nan ta faɗo mini. Sai ruwa ya gama da kowa yake zuwa wurina. A shekarar da nake magana damina ta yi gardama, gero ya ƙone a tsaye, dawa ba ta kai ko'ina ba. Abin da ya rage mini da iyalina tumatirin rani ne, shi kuma ya fara fure. Tumatir in ya sha ƙishirwa yana cikin fure, zubar da shi yake yi.

Ranar layinmu ce ta ruwa. Na jera tiyo tun hantsi na zauna. Kanal a bushe. Azahar ta yi, ba ko ɗigo. Na bi gefen kanal a ƙafa har ƙofar ruwa, na tarar da ita a kulle. Malamin ruwa, wanda aka ɗora wa buɗewa da rufewa, ba ya nan. Mai shayin bakin titi ya ce in duba siton taki, ya yi baƙo daga birni.

Baƙon mawaƙi ne. Ba irin waɗanda muka sani ba, masu kalangu da 'yan amshi, su kira sunanka da na kakanka, ka yi musu liƙi, kowa ya kama gabansa. Wannan shi kaɗai ne da gurminsa. An ce ba ya wasa kowa, ba ya zuwa biki, waƙoƙinsa duk a kan talaka ne. Ya sa 'yar shara ta saƙi irin wadda mu muka daina sawa, ga agogo yana ƙyalli a hannu. Da muka gaisa na ji tafin hannunsa. Laushi kamar na mai jego.

Na juya wajen malamin ruwa na ce, "Malam, yau fa layinmu ne."

Malamin ruwa ya ce, "Baba, ka zo a sa'a. Shigo ka zauna. Waƙa ɗaya ce, in an gama mu tafi tare a babur."

Makullin yana aljihunsa, ina ganin shatinsa. Na shiga na zauna a kan buhu.

Abokansa ne a ciki, malaman gona da malaman makaranta, ba su cika tabarma biyu ba. An ajiye rakoda a tsakiya da sabon kaset. Aka karanta mana doka. Ba liƙi, ba magana, ba tari. Aka ja ƙofa aka rufe don kada hayaniyar waje ta shiga. Kwano a sama, rana a kansa, warin taki yana yaji a ido. Manyan mutane muka zauna shiru kamar masu zaman makoki.

Mawaƙin bai fara ba sai da ya yi bayani. Ya ce ya daɗe yana jin ciwon manomi a zuciyarsa. Sannan ya ja tsirkiya, ya saki, ya kuma ja. Sannan ya rufe ido. Waƙar a kan ƙasa ce da ta tsage tana jiran ruwa. Muryarsa ba laifi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kai tsakiya wani malami ya yi tari. Aka mayar da kaset baya, aka soma daga farko. Jaki ya yi kuka a waje, aka sake. Batir ya yi sanyi, aka canja, aka sake.

Akwai huda a kwanon, hasken rana yana sauka ta nan. Da na shigo yana ƙasa kusa da ƙafata. Yanzu ya hau bango. Kafin magariba ake rage ruwa a babban kanal, bayan nan ko an buɗe ba ya isa wutsiya. Kowa a ɗakin ya san haka.

Ya shiga waƙa ta uku, malamin ruwa yana kaɗa kai ido a lumshe. Na ce, "Malam, ruwa. Tumatir yana zubar da fure."

Ya buɗe ido ya harare ni, ya kai hannu zai kashe rakoda. Mawaƙin ya tare shi.

"Bar shi, kada ka kashe. Baba, sake faɗa."

Na ɗauka zai sa baki a sallame ni. Na sake faɗa. Sai ya kaɗa gurmi ya rera maganata, yadda na faɗe ta, bai ƙara komai ba. Ya maimaita, ya kuma maimaitawa, yana karya murya. Ɗakin ya ɗauki tafi. Wani ya ce, "Ka ji abin daga bakin mai shi!" Wani ya ciro hankici yana share ido. Malamin ruwa ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, yau ka shiga tarihi."

Na ce, "Gona nake so in shiga."

Suka yi dariya, suka ce ashe ina da barkwanci. Tunda tafi ya ɓata ƙarshen, sai da aka sake ɗauka.

La'asar muka yi ta a makare. Malamin ruwa ya goya ni a babur, ya buɗe ƙofar ruwa rana tana ja. Na bi ruwan a ƙafa ina kallon kansa yana rarrafe. Masu gonakin gaba suka sa tiyonsu, ban ga laifinsu ba. Ruwan ya mutu saura kaɗan ya iso ni. Layinmu bai sake zagayowa ba sai wani makon. Furen ya zuba a gindin shuka, rawaya, kamar an watsa. Abin da na tsinka a shekarar bai kai mu damina ba. Na yi ƙwadago a gonar wasu har aka yi shuka.

Kaset ɗin kuwa ya yi kasuwa. Ran kasuwar Bunkure ina wucewa na ji muryata a teburin mai sayar da kaset, sannan gurmi ya biyo. Masu lodin kwando suka gane ni. Shekara da shekaru in na gifta sai wani ya ɗaga murya, "Malam, ruwa!" Ba na juyawa.

Mawaƙin ya aiko mini da kaset guda ɗaya ta hannun malamin ruwa, da gaisuwa. Ba ni da rakoda. Da rani ya zagayo na fasa shi da dutse, na zare zaren, na ɗaura a kan karare bisa fangalin iri. Iska tana kaɗa shi yana walƙiya yana ƙara, tsuntsu bai sauka ba. Wannan aikin kam ya yi shi.