Gaurakin da Haladu Bai Ɗauka Ba

Shekara shida ke nan cif da muka kai Malam Haladu makwancinsa, a maƙabartar bayan garinmu tsakanin Kura da Bunkure, inda ko kana tsaye a bakin kabari kana jin motsin ruwa a babban kanal. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗan gwaggona ne, taubashina, ya ba ni shekara tara, kuma tun ina yaro har ya koma ga Mahaliccinsa ba mu taɓa haɗuwa ba sai ɗayanmu ya kira ɗan'uwansa bawansa. Ni manomin shinkafa ne, ɗan bokon da na yi nake lallaɓawa da shi, sai masu karatu su yi haƙuri da ni. Akwai wata magana tsakanina da shi da ta tsaya mini a maƙogwaro tun yana raye, yau nake so in fitar da ita.

Wanda bai san yankinmu ba, ruwa ake sakowa daga dam, ya biyo babban kanal, ya rarrabu a ƙananan magudanai har ya iso gonar kowa, kowane ɓangare da ranar ruwansa. Haladu ya yi shekaru cikin masu buɗe ƙofofin ruwan nan. Bayan sallar asuba zai hau kekensa da ƙaton sifana a ɗaure a baya, ya murɗa ƙofa, ya tsaya ya ga ruwa ya kama hanya. A wannan tsayuwar ce tsuntsaye suka shiga ransa. Da zarar ruwa ya shiga busasshen fangali, ƙwari da gyare sai su yi ta fitowa daga tsagar ƙasa, kafin ka ƙifta ido balbelu sun sauka fari fat, zalɓe ya zo ya tsaya can gefe da ƙafa ɗaya. Mu kullum muna ganin wannan, ba mu taɓa ɗaukarsa abin kallo ba. Shi kuwa sai ya jingine keke ya zauna.

Da ya ajiye aiki, a farkon shekarun dubu biyu, sai ya shiga Kano ya dawo da wata tsohuwar kyamara ta gwanjo, irin mai cin fim, da wani dogon gilashi da ake ɗaura mata a baki don ya janyo abin da ke nesa. Ni na raɗa wa gilashin nan suna Taɓarya, sunan kuma ya bi shi, har Haladu da kansa ya koma cewa a miƙo masa Taɓarya. Nauyi gare ta, kuma da hannu ya ɗan girgiza hoto ya ɓaci. Ya gwada abin ɗora kyamara mai ƙafa uku irin na masu hoton birni, sai ya riƙa nutsewa a laka. Sai ya sa aka ɗinka masa ɗan buhu, ya cika shi da yashin kanal, ya riƙa kwantar da Taɓarya a kai. Fararen kaya kuwa ya daina sa su sai ranar Juma'a, wai tsuntsu daga nesa yake hango fari. Mutumin da aka sani da tsafta, sai ga shi cikin wata riga mai launin ƙasa, uwargidansa tana ta mita, ni kuma ina tsokanarsa da cewa dama shigar bayi ke nan.

Yakan kafa 'yar bukkar kara a bakin ruwa ya bar ta kwana uku ko huɗu ba kowa a ciki, sai tsuntsaye sun saba da ita sannan ya shige tun gari bai gama wayewa ba. Dole rana ta kasance a bayansa. Akwai wani zobe a jikin Taɓarya da yake juyawa a hankali da yatsu biyu har sai ƙwayar idon tsuntsun ta fito tar, ya ce in ido bai fito ba, to gashi kawai ka ɗauka. Daga nan ya riƙe numfashi, ya danna. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci, yakan yi wata bai cinye shi ba, sannan a kai Kano wanki a jira wani makon. Kai, na sha ce masa da wannan haƙurin ya sa a noman tumatir, da tuni ya sauke farali.

Amma fa wata rana na bi shi bukkar, don in samu abin tsokana. Ya ce in sa ido a kyamarar. Tururi na tashi daga kan ruwa, rana ta fara ja, sai na ga wata kirinjijiya, agwagwar ruwan nan mai farar fuska, ta cika mini ido kamar in miƙa hannu in shafa ta. Ɗigon ruwa na gangarowa a wuyanta. Ta lumshe ido ta buɗe. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai da ya taɓa ni na farga ashe ko numfashi ba na yi. Na fito ina cewa ba wani abu ba ne, agwagwa ce. Ya yi dariya.

Yau in na shiga kasuwar Bunkure na ga samari suna ɗaga waya suna ɗaukar juna, sai in tuna shi. Kwanan baya aka nuna mini sabuwar kyamarar da ba ta cin fim, kana dannawa kana ganin abinka a bayanta, in bai yi maka ba ka goge. An ce ma inda yake kai wanki a Kano sun fara tattara tsofaffin injinansu. Me Haladu zai ce? Ina jin da farko zai taɓe baki, ya ce mai gogewa yaushe zai koyi jira. Amma da aka gaya mini ita wannan sabuwar da kanta take saita abin da za ta ɗauka, ba sai ka juya zobe ba, sai na tuna idon Haladu. Da ta iso mana da wuri, da wataƙila abin da zan faɗa bai faru ba.

Shekara biyu kafin rasuwarsa yanar ido ta fara rufe masa idon dama, wanda yake leƙa kyamara da shi, na hagun ma ya fara bi. Hotunansa suka riƙa dawowa daga wanki dishi-dishi. Ya san lokaci ya ƙure masa, kuma saura tsuntsu ɗaya da bai samu ba: gauraka. Muna yara garke-garke muke ganinsu a fadama, dogaye, baƙaƙe masu farin fiffike, da tukku a ka kamar zangarniyar da ta nuna, kumatu fari da ja. Sai suka yi ta raguwa har aka daina jin kukansu. Matasanmu da yawa sunan kawai suka sani. Haladu ya ce ba ya so idonsa ya rufe bai ajiye wa garin nan hoton gaurakansa ba.

A daminar wannan shekarar, wajen kaka, wani makiyayi ya gaya masa ya ga gauraki biyu suna sauka da sassafe. Da aka bi sawu, ashe a ƙarshen gonata suke sauka, inda ruwa ke kwanciya. Shinkafata kuwa ta fara zuba madara, daidai lokacin da jan baki, 'yan ƙananan tsuntsayen nan masu zuwa dubu-dubu, suke far wa gona su tsotse ta. Kowane manomi a nan ya san abin yi. Ka kafa sanduna, ka ja igiyoyi ta ko'ina, ka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ka haɗa su duka a igiya ɗaya da ta iso rumfar da kake zaune. Suna sauka ka fizga, ƙara ta tashe su. Tun ina ɗan shekara bakwai nake wannan aikin.

Haladu ya same ni a rumfa ya tsuguna, abin da bai taɓa yi mini ba.

“Audu, safiya uku nake roƙo. Daga fitowar rana zuwa hantsi, kada ka taɓa igiyar nan.”

Na ce, “Yau kuma bawa ne ke ba ubangidansa umarni?”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Idona ba zai kai baɗi ba.”

Na ce masa na ji, na ba shi. Ya kafa bukkarsa a ƙarshen gonar.

Safiyar farko gaurakin ba su zo ba, jan baki suka zo. Ina zaune, hannuna a cinya, ina kallonsu suna cin guminmu. Safiya ta biyu gaurakin suka zo, amma suka sauka nesa, bayan ciyawa, bai samu yadda zai yi ba. Da hantsi na zaga gonar, na murza zangarniya a tafin hannu, sai ƙaiƙayi fari babu ƙwaya. Da na koma gida na kasa haɗa ido da iyalina, don wannan gonar ita ce tuwonmu na shekara.

Safiya ta uku ban taɓa ganin irinta ba. Iska ba ta motsi, raɓa ta kwanta a kan shinkafa, tururi ya rufe ƙarshen gonar har bukkar Haladu ta zama kamar tana yawo a kan ruwa. Sai ga su sun fito daga cikin farin nan a hankali, ba ko ƙarar fiffike, suka sauka a gabansa, bai fi taku ashirin ba. Rana ta bugi tukkunsu. Ɗayan ya sunkuyar da kai, ya buɗe fikafikai, ya yi tsalle, ɗayan ya amsa masa. Rawa suke yi, wallahi, a gonata. Ina hango bakin Taɓarya ya leƙo daga kara, na san yana can yana juya zobe, ya kai gaba ya dawo baya, yana neman ƙwayar ido da idon da ba ya gani sosai. Da can ƙiftawa biyu ya gama. Ranar ya daɗe.

Sai jan baki suka taso daga wajen gonakin rake, baƙi ƙirin kamar hayaƙi, garken da ya fi na kwana biyun nan a haɗe. Suka yi kwana ɗaya a sama, suka zubo a tsakiyar gonar, inda shinkafar ta fi kyau. Igiya ta motsa. Gwangwanaye suka ɗauki ƙara daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Jan baki suka tashi, gaurakin ma suka tashi, suka yi kuka sau biyu, suka nufi gabas har suka ɓace.

Na daɗe kafin in iya sauka daga rumfa. Na same shi zaune a ƙofar bukka, kyamara a cinya, bai danna ko sau ɗaya ba. Na buɗe baki, sai ya riga ni.

“Bar shi, Audu. Hannu ne, ba kai ba. Hannun da ya shekara arba'in yana jan igiya, in ya ga jan baki ai ba ya shawara da mai shi.” Ya ɗan yi murmushi. “Bawa dai ba ya jin magana.”

Na karɓi uzurin. Ya ci gaba da komawa bukkar nan har aka yi girbi, ba su sake zuwa ba, kuma har yau ban ji wanda ya ce ya gansu a yankinmu ba. Kafin wata daminar ya naɗe Taɓarya a tsumma ya sa a akwati. Shinkafar nan na aika masa da ita, ya ci, ya aiko a ce mini ta yi daɗi. Duk wanda ya tayar da zancen a gabansa, sai ya ce kowane manomi ne a rumfar nan haka hannunsa zai yi. Gari duka ya ɗauka a haka.

Me ya saura na Haladu? Hotunansa suna nan wurin 'ya'yansa, balbelu da zalɓe da shamuwa, launinsu ya fara komawa ja, jikoki na juya su suna tambayar sunaye. Akwai kuma abin da ya bar mini a ido. Ni da na tashi ban san tsuntsu ba sai a matsayin ɓarawo, yanzu in zalɓe ya sauka a bakin kanal sai in tsinci kaina na tsaya da fartanya a hannu, ina neman ƙwayar idonsa. Ina kewarsa, kewa mai tsanani, har tsokanar da babu wanda zan yi wa yanzu.

Amma ban rubuta wannan don in yabe shi kawai ba. Safiyar nan hannuna yana kan cinyata, nesa da igiya. Na kalli gaurakin. Na kalli bukka, na san bai gama ba. Na kalli shinkafata, na tuna bakunan da ke jirana a gida. Sannan na sunkuya, na ɗauki igiyar, na naɗa ta a hannu sau biyu, na fizga da dukan ƙarfina. Ko yau aka mayar da ni rumfar nan ban san abin da zan yi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ke cina shi ne ya miƙo mini uzuri na karɓa, muka yi shekara biyu muna zama a tabarma ɗaya ban gyara masa ba. Ko ya sani ya rufa mini asiri ne, ko bai sani ba, Allah kaɗai ya sani.

Ba hannu ba ne, Haladu. Ni ne. Ka yafe wa bawanka.