Wutar ta mutu, layin bai tsaya ba

Akwai wata rana a garin Tamanrasset, can cikin hamada, da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Mahaifina mutumin Damagaram ne, yana da shagon atamfa a kasuwar Tamanrasset, ni kuwa ina karatun kimiyya a jami'a can arewacin ƙasar. Aikin kammala karatuna shi ne auna abin da ake kira plasma, wato iskar da lantarki ya ratsa har ta kama haske. Mukan zuƙe iskar da ke cikin wani bututun gilashi, mu bar 'yar kaɗan, mu sakar mata wuta, sai ta yi haske ruwan hoda. Daga nan mu zura wata siririyar waya kamar allura, ita ke gaya mana zafin abin da yawansa a daidai wannan lokacin, kwamfuta kuma ta zana shi a layi. Ka ƙara wuta layin ya hau, ka rage ya sauka, a gaban idonka.

Farfesan da ke duba aikina ya samu aron wani ɗakin gwaji a bakin garin Tamanrasset, ya ce a nan za mu nuna wa wasu manyan malamai da za su zo daga babban birnin ƙasar. Su ne za su yanke ko aikin ya ci gaba. Na yi murna, ga ni a gida. Amma kayan gwajin sun sha wuya a hanya, allurar ta yi datti, layin sai tsalle yake yi kamar ɗan akuya. Ana gobe za su iso na same shi na ce, "Farfesa, layin nan ba ya zama. A faɗa musu gaskiya, a ba ni mako guda in sake allurar." Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata. "Kawo makullin ɗakin, je ka huta. Ni zan duba."

Washegari mahaifina ya rufe shago, abin da ba ya yi sai ranar Juma'a, ya sa farar rigarsa ya zo ya zauna a kujerar baya. Na kunna. Bututun ya yi haske, layin ya fito sumul, ko rawa babu. Baƙin suna ta gyaɗa kai. Ni kaina na ɗauka mutumin ya yi gyara ne na gaske.

Sai muka ji tas! Fis ɗin wutar bututun ya ƙone. Bututun ya yi duhu, babu sauran plasma a ciki. Amma layin yana nan yana tafiyarsa a kan allon kwamfuta, yana hawa yana sauka, yana auna abin da babu shi. Ashe tsohon awon da muka yi a arewa Farfesan ya ɗora a kwamfutar, yana ta maimaita kansa.

Wata dattijuwa mai tabarau a cikin baƙin ta dubi bututun, ta dubi allon, ta ce, "To yanzu me kuke aunawa?"

Farfesan ko gezau bai yi ba. Ya juyo ya nuna ni da yatsa, ya ce da Faransanci, "Wannan ɗalibin ne ke riƙe da kwamfutar. Ni ma yanzu nake gani. Haka suke, ka ɗauko su ka yi musu sutura, su kunyata ka."

Na ce, "Farfesa, kai ka karɓi makulli jiya! A gaban mai gadi ka karɓa!" Ya ce, "Fita." Na dubi baƙin ɗaya bayan ɗaya. Wallahi sun gane. Dattijuwar nan ta gane sarai, amma sai ta cire tabarau ta hau goge shi. Babu wanda ya ce a kira mai gadin.

Mahaifina ba ya jin Faransanci, amma ya ga yatsan. Ya taso ya ce, "Me ya ce ka yi?" Na ce, "Wai na yi ha'inci, Baba." Ya ce, "Ka yi?" Na ce, "Wallahi ban yi ba." Ya ce, "To ɗauko jakarka." Muka tako har kasuwa a ƙasa. Da ya zo buɗe shago sai na ga ya kasa zura makulli. Wannan ne ban yafe ba.

Ban samu difloma ba, ba a kuma sabunta mini izinin zama na ɗalibi ba. Na bi mota zuwa Agadas, na wuce Damagaram, a nan na ƙare ina koyar da kimiyya a lekkol, wato makarantar boko. Farfesan kuwa na ji labarin har ƙarin girma ya samu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, maƙaryaci shi kaɗai ba ya iya kayar da mutum. Sai ya samu waɗanda suka ga gaskiya da idonsu suka yi shiru, don mai laifin nasu ne, wanda aka zalunta kuwa ɗan wani ne. Shi ya sa duk inda aka nuna wani da yatsa a gabana, ba na tashi sai an ji ta bakinsa, ko da kuwa ran kowa zai ɓaci.