Tsagar Baba

Innata ba ta son hoto, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ranar da na ɗauko ta daga gida, can ƙasar Gobir, bayan ta fita takabar Baba, tana shiga falona a Jikwoyi, nan gefen Abuja, ta ja ta tsaya tana bin bango da kallo. Ga hoton bikinmu, ga na yara da kayan makaranta, ga nawa na ranar da aka ƙara mini girma a ma'aikata, kowanne cikin firam mai ruwan zinariya. Ta ce, "To su mala'iku ta ina za su shigo?" Na ce, "Ta taga, Inna." Ta harare ni, ta ce boko ya gama da ni, ta wuce ɗakin da na gyara mata. A ɗakin nan ko kalanda ba ta yarda an rataya ba.

Ita kuwa Abuja a lokacin ta haukace da hoto. Soja sun koma bariki, kuɗi sun shigo gari, kowa yana son a ga fuskarsa. Duk gada, duk turken lantarki, duk katangar da mai ita ya yi sake, fuskar ɗan takara ce a manne, wani a kan wani. A ofishinmu ma ƙusa ɗaya ce a bango bayan kujerar oga, ministoci ne kawai ke sauyawa a kanta. In na ɗauki Inna a mota za mu asibiti, sai ta yi ta leƙen fastocin nan ta gilashi, dukkansu farare sumul, kumatu luhu-luhu, ana murmushi iri ɗaya. Wata rana a cunkoson Nyanya ta kasa haƙuri, ta ce, "Wai waɗanga mutane duk uwa ɗaya ta haife su?"

Sai na faɗi yadda take da Baba kafin a gane sauran. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube shi a fuska ba. Da ya yi sallama a zaure za ta jawo mayafi ta rufe kai, ta sunkuyar da ido. Kada a ɗauka tsoro ne. Faɗa suke yi sosai, kuma ita ke cinyewa, amma tabarma take kallo tana zazzaga masa. Shi kuma baƙi ne siriri, manomin albasa, da tsagar Gobirawa raɗau a kumatunsa, daga gefen baki har wajen kunne. Mu 'ya'yansa ba a yi wa ko ɗaya ba. Ya ce askar wanzami a kansa ta ƙare.

Daminar farko da Inna ta yi a wurina, ruwa ya shigo mana ɗaki. Wanda ya zauna a Jikwoyi a shekarun nan ya san zancen, gini ake yi ko'ina ba a bar wa ruwa hanya ba. Muka kwana biyu muna shanya katifu. Ina ɗakina ina ninke kaya sai ga ta ta shigo, abin da ba ta saba ba, ta zauna a bakin gado, ta miƙo mini wata 'yar leda ba tare da ta dube ni ba.

"Wanga ya jiƙe," in ji ta.

Hoton Baba ne, ɗan ƙarami na fasfo, baƙi da fari, wanda aka ɗauka shekarar da ya je aikin hajji. Iyakarsa ke nan a duniya, bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba sai ranar. Ashe a ƙasan akwatinta yake tun tuni, matar da ke share wa mala'iku hanya. Bakina ya yi ƙaiƙayin tsokana, amma da na ga yadda hoton ya manne da ledar, ya kumbura, ya tsattsage, sai na haɗiye.

Ta ce, "In na rufe ido ina ganin hularsa, ina ganin rigarsa, har tarinsa ina ji. Fuskar ce ba ta zama. Da wanga nake tsayar da ita."

Raina ya sosu ƙwarai. Inna ba ta roƙo, ko ruwa take so sai dai ta ce ana zafi yau. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yanzu akwai kwamfuta, za a fito mata da shi babba, garau, kamar jiya aka ɗauka.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini wani mai shagon hoto a Masaka, ta ce ko gawa ce yana tashinta. Na je ranar Asabar. Dattijo ne Bayarabe, mai fara'a, da tasa tsagar a kumatu, ya daɗe a Arewa yana jin Hausa irin ta kasuwa. Yana duban hoton ya kwashe da dariya, ya ce, "A'a, Bagobiri ne. Madam, babanka ya yi faɗa da mage?" Na ce, "Kai da damisa ka yi naka, ga shaida nan." Tsakaninmu da Yarabawa ai wasa ne tun kaka da kakanni, ba a fushi. Muka yi ta yi har ya ba ni lemo. Na ja masa kunne cewa hoton nan ba shi da na biyu. Ya dafa ƙirji ya ce in bar masa, zai yi wa abokin wasansa aikin da bai taɓa yi wa kowa ba.

Kuma wallahi ya yi. Da na koma karɓa an riga an naɗe shi da takarda an ɗaure, ga jama'a cike da shagon, janareta na ruri, ni kuma ina saurin kada cunkoso ya rutsa da ni. Na sa a bayan mota na taho ina jin daɗi.

A tsakar falo na kwance shi, yara sun kewaye, Inna na zaune a kan darduma. Wani hamshaƙin mutum ne ya fito. An sa masa babbar riga ta shadda mai aiki har ciki, da hula zanna, a bayansa ga bene ga furanni ga wata baƙar mota. An haska masa fata, an cika masa kumatu. Kumatun nan sumul, ko ƙwarzane babu. Idanun na Baba ne, hancin ma nasa ne, amma in ka manna shi a gadar Nyanya ba wanda zai ce ba sanata yake nema ba.

Inna ta dube shi ido cikin ido, ta daɗe tana kallo, kanta ko ɗankwali bai zauna daidai ba. Yadda take kallon fastocin kan hanya, haka ta kalle shi. Sannan ta ce, "Wane ne wanga?"

Ƙaramin ɗana ya ce, "Kaka ne."

Ta ce, "Kakan wani dai." Ta juyo wajena, ta miƙo hannu. "Ba ni ƙaramin hoton."

Babu ƙaramin a cikin takardar. Na zazzage ta, na duba bayan firam, na duba mota.

Washegari ko karyawa ban yi ba na kama hanyar Masaka, ina tuƙi ina shirya maganganun da zan gasa masa. Ni ba a san ni da haƙuri ba, a ofis ma sun sani. Na shiga na kife masa hoton a kan tebur, na ce wa ya aike shi? Ina tsagar? Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "Madam, kyauta na yi. Kowa in ya zo, ya ce a goge. Nan Abuja ne." Ya nuna mini allon da ke ƙofar shagonsa. Sai a lokacin na lura, hotonsa ne a jiki da kwat da laktaye, kumatu sumul. Tasa tsagar ma ya goge. Ya ce 'ya'yansa ne suka ce kwastoma ba sa son ganin ƙauyanci.

Na ce ya ba ni ƙaramin. Ya buɗe durowa ya ɗauko ledar. Wajen ɓamɓaro shi bayan ya ɗauka a inji, fuskar ta biyo ledar, ta zama dusa-dusa. Wanda ya ɗauka a kwamfuta kuwa a kansa ya yi gyaran, bai ajiye na asali ba.

Duk masifar da na ƙunso sai ta zube. Na zauna a benci. Shi ma ya daina cewa madam, ya ce, "'Yata, yi haƙuri. Zan mayar. Faɗa mini yadda yake, ni zan zana."

Ya kunna injin, fuskar ta fito, ya riƙe linzamin kwamfuta yana jirana. Na san shida ne a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, wannan kowane Bagobiri ya sani. Amma wane ɓangare? Daga ina suka tashi, ina suka lanƙwasa, ina suka tsaya? Fuskar da na girma ina kallo, na hau cinyarsa ina wasa da ita, ga shi ban iya kwatanta ta ba. Ya gwada da ka, ya ja layuka, suka fito irin na garinsu. Ya sake, suka fito kamar gashin bakin mage ɗin da ya tsokane ni da shi. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu. Na ɗauki hotona yadda yake na fito, ya biyo ni har mota yana ba da haƙuri. Ban iya riƙe shi a rai ba, don da zuciya ɗaya ya yi, abin da ya yi wa kansa ne ya yi wa Baba.

Na gaya wa Inna gaskiya. Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ci gaba da jan carbi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na jingine hoton a bayan ƙofar ɗakina, fuskarsa na kallon bango. Kwanakin da suka biyo baya ta rage cin abinci, ta rage faɗa da yara, ko a mota ta daina leƙen fastoci. Ni kuma tsoro ya kama ni, ina ganin fuskar nan za ta ƙarasa ɓace mata, kuma ta hannuna.

Wata Asabar da hantsi, maigidana ya tafi wurin aikinsa a Idu, yara suna islamiyya, ina tsince shinkafa a baranda, sai ta leƙo ta ce, "Ke, ɗauko mini sanatan nan naki."

Na ɗauko. Ta ce in cire gilashin. Na lanƙwashe 'yan ƙusoshin baya na zaro takardar, ta shimfiɗa ta a kan faifai a cinyarta. Ta kwance bakin zaninta ta fito da tandun kwallinta, ta zuba kaɗan a murfi, ta ɗiga ruwa, ta dama da ɗan ƙarfen da take sa wa ido.

Na ce, "Inna, in ya ɓaci fa? Shi ke nan ya rage."

Ta ce, "Mi ya rage a nan da zai ɓaci?"

Ba ta fara zanawa ba. Ta rufe ido, ta ɗora yatsa a gefen bakin mutumin, ta ja shi a hankali zuwa kunne, ta dawo, ta sake ja, kamar mai lalube. Sai ta buɗe ido ta tsoma ƙarfen. Hannun da ke rawa in ta ɗauki kofin shayi, ranar bai yi rawa ba. Layi na bin layi, suna buɗewa daga baki suna hawa. A kuncin hagu ta ja wani ta tsaya a rabi, ta ɗan karkatar da shi ƙasa. Na ce ta kuskure. Ta ce, "Haka yake. Motsi ya yi a hannun wanzami, uwarsa ta faɗa mini. Tun yana jinjiri ba ya zama wuri ɗaya."

Ina tsaye a kanta ina kallo. Rigar ba tasa ba ce, benen ba nasa ba ne, motar ko a mafarki, amma ga Baba yana fitowa daga cikin sanatan nan. Na ga mutumin da ke dawowa daga fadama da warin albasa a jikinsa yana tambaya ko mun yi salla. Hawaye suka zubo mini, don kada ta gani sai na koma tsokana. Na ce, "Inna, ke da ba ki taɓa ɗaga ido kin dube shi ba, a ina kika san duk wannan?"

Ta ce, "Ke dai ba ki da kunya. Aka ce miki da ido kaɗai ake sani?"

Na fashe da dariya ina share fuska. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ja na ƙarshe, ta hura shi ya bushe, ta ɗaga takardar ta nesanta ta da fuskarta don ta duba aikinta. Kallo ɗaya ta yi masa. Sai na ga hannunta ya tafi kafaɗa yana laluben mayafi. Ta jawo shi ta rufe kai, ta sunkuyar da ido kan tabarma.

Ina nan ina dariya, kaina ba ɗankwali. Ba ta ɗago ba, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Rage murya, ki rufe kanki. Ba ki ga babanki ba?"