Ranar da Mahaifiyata Ta Ce Shida

Shekarun baya, lokacin da labarin tallafi bai fara shigowa waya ba, sai dai mutum ya je ya karanta a jikin bangon meri, wato ofishin magajin gari, ni ne sakataren ƙungiyar matan ƙauyenmu da ke gefen Gangara. Kada ku tambaye ni yadda aka yi namiji ya zama sakataren mata. Ni ne na yi lakwal, wato boko, har na iya rubuta wasiƙa da Faransanci, ga shi ina koyarwa a makarantar garin, shi ke nan suka ɗora mini. Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, har da sayen jaka mai zif don zuba takardu.

Ku da kuke bin wannan shafi saboda sanarwar tallafin da nake sakawa, kun sha tambayata dalilin da ya sa nake yawan cewa a zauna da mutane kafin a cike musu takarda. Yau zan faɗa muku inda na koyi hakan.

Wata ranar kasuwa abokina da ke aiki a gidan rediyo a Tanout ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direba. Ya ce wata ƙungiya daga waje za ta raba wa ƙungiyoyin mata injin niƙa, kuma saura mako biyu a rufe karɓar takardu. A lokacin babu inji ko ɗaya a ƙauyenmu. Mace ko dai ta duƙufa a kan turmi har kafaɗunta su sage, ko ta ɗora hatsinta a amalanken jaki zuwa Gangara ta yini a layi. Sau biyu kafin wannan muna jin irin wannan sanarwa bayan an riga an rufe. Don haka da na gaya wa shugabar ƙungiya, wata dattijuwa ƙawar mahaifiyata mai baki kamar reza, sai ta kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ta ce, "Mushe, wannan karon in ya wuce mu, kai za mu ba taɓarya."

Na zauna na haɗa dosiye, wato takardun neman tallafin. A cikin takardun akwai wata doguwa da ake rubuta sunan kowace mace, da shekarunta, da yawan ƴaƴan da take da su, don masu tallafin su san bakin mutum nawa injin zai ciyar. Ban tambayi kowa ba. Wa ma zan tambaya? Rabin ƴaƴan nan ni nake koyar da su, sauran rabin tare muka yi kiwon awaki. Na bi gida-gida a cikin kaina na rubuta, kuma har yau ina nan a kan cewa ban yi kuskure ko ɗaya ba. Da na zo kan sunan mahaifiyata, don ita ma ƴar ƙungiya ce, na rubuta shida na wuce.

Bayan wata guda aka aiko cewa mun tsallake matakin farko, za a turo wadda za ta zo ta tabbatar da abin da muka rubuta. Kwana uku na yi ina yi wa matan nan bita kamar ƴan jarrabawa. Sunan ƙungiya, shekarar da aka kafa ta, wace ce ma'aji, ranar da ake taro, inda za a gina ɗakin injin. Har yadda za su zauna na tsara musu. Ina ta kai da kawo da jakata, ina jin babu wani sakatare kamata a duk Damargu.

Ranar ta zo, farar mota ta tsaya da hantsi a gindin aduwar da muke taro. Wadda ta fito mace ce matashiya daga Yamai, da tabarau, Hausarta tas amma ta birni. Madam muka riƙa ce mata. Ta gaisa da kowa cikin ladabi, ta sha ruwa, sannan ta ce mini, "Mushe, ka koma can gefe ka tsaya. Da su zan yi magana, kada ka sa baki."

Ta zaɓi sunaye goma daga takardar, ta fara da shugaba.

"Inna, ƴaƴanki nawa?"

"Bakwai, Allah shi raya."

Takwas na rubuta. Madam ta duba takarda, ta ɗiga jan biro. Na ce a raina wataƙila tsufa ne. Ta biyu ta ce huɗu, alhali biyar na rubuta. Ta uku yarinya ce mai goyo, tata ta yi daidai, na ɗan saki numfashi. Ta huɗu ta rage ɗaya. Ta biyar ta rage ɗaya. Ina kallon jan biron nan yana ɗiga, na kasa gane me ke faruwa da matan da na san ƴaƴansu kamar yatsun hannuna.

Sai aka kira mahaifiyata. Ta gyara lulluɓinta, ta dubi ƙasa.

"Inna, ke fa, nawa ne?"

"Biyar."

A nan ne abin ya faɗo mini. Ni ne ɗan farinta, kuma ni ne wanda ta cire.

Wanda bai tashi a irin ƙauyenmu ba zai yi mamaki, amma a wurinmu dattijuwa ba ta nuna ɗan farinta. Kunya ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama tana hira da shi a gaban mutane, kuma in aka tambaye ta ƴaƴa, daga na biyu take fara ƙirga. Ni a ɗakin kakata na girma tun daga yaye. Iyakar abin da mahaifiyata take ce mini shi ne "kai", in kuwa da mutane, sai ta ce wa ƙannena, "Ku ce wa wancan abincinsa na nan." Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, don tuwona kullum ya fi na kowa miya. Na saba da shi har na daina ganinsa, shi ya sa na yi bitar komai na bar wannan.

Madam ta gama da mata goma, bakwai ba su yi daidai ba. Ta kira ni, ta juyo mini da takardar.

"Mushe, ka ga abin da na gani? Kusan a kowane gida ka ƙara mutum ɗaya. Ba biyu ba, ba uku ba, ɗaya-ɗaya, yadda ba za a lura ba."

Na ce, "Madam, wallahi ban ƙara kowa ba. Ƴaƴan fari ne ba su ƙirga ba. Al'adarmu ce."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ba da faɗa ta yi maganar ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Ta ce, "Na san ba a faɗin sunan ɗan fari, mu ma kakata haka take. Amma ni ban tambayi suna ba, lamba na tambaya. Makon jiya na je wani gari na tarar rabin sunayen da ke takardarsu babu masu su, kuma shi ma sakatarensu da al'ada ya kare kansa. In na koma da wannan takarda haka, ba ku kaɗai ba, ni ma za a ce ban yi aikina ba."

Ta juya wajen matan ta ce, "Iyayena, gaskiya ne abin da ya faɗa?"

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Wannan ta rufe baki da gefen zane, waccan ta sunkuyar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa, wata ta kama gyaran goyon da ba nata ba. Shugaba, wadda ba a taɓa rufe mata baki a taro ba, ta tsura wa tabarma ido kamar yau ta fara ganinta. A idon baƙo, wannan dariya ta mutanen da aka kama ce.

Madam ta ce, "Mace ɗaya kawai nake so ta faɗa mini da bakinta. In na ji daga ɗaya, zan yarda da sauran."

Ina jin kukan awaki daga bakin rijiya. Na san abin da take nema bai fi kalma ɗaya ba, na kuma san nauyin kalmar. Duk wadda ta faɗa, a gaban ƙawayenta da surukanta da ƴaƴan cikinta za ta faɗa, kuma za a daɗe ana yi mata tsiya da shi a wajen biki da bakin rijiya. Ban ga laifinsu ba. Na dai tsaya da jakata a hammata ina kallon injin yana tafiya, sunana kuma zai shiga bakin ƙungiyoyi a matsayin sakataren da ke cusa mutanen ƙarya.

Madam ta rufe dosiyen, ta sa murfin biro, ta fara neman takalminta.

"Ƴata."

Muryar mahaifiyata ce. Ba mai magana a taro ba ce, shekara da shekaru tana zuwa tana zama a baya.

"Sake tambayata."

Madam ta koma ta zauna. "Inna, ƴaƴanki nawa?"

"Shida ne."

"Ɗazu kin ce biyar. Ina na shidan?"

Mahaifiyata ba ta dube ni ba. Ta kau da fuska wajen gonaki, ta miƙo hannu ta nuna inda nake tsaye.

"Ga shi nan da jaka. Shi na fara haihuwa, shekarar da rijiyar gabas ta rufta. Abin da ya rubuta haka yake. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya ƙarya."

Daga nan ta ja lulluɓi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

Ina da shekara talatin da huɗu a ranar, da mata da ƴaƴa uku, amma sai da na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a jaka. Ban taɓa jin ta ce ita ta haife ni ba. Ban ma san tana lura da ko ina ƙarya ko ba na yi ba.

Shugaba ce ta karɓi zancen. Ta ce, "To, tunda wannan ta zubar mana da mutunci, rubuta takwas. Nawa yana Agadas yana tuƙin mota, ƙato ne, ba zai ɓuya ba." Aka kwashe da dariya. Daga nan Madam ta gano dabara, ta daina cewa "nawa ne", sai ta ce, "Ban da babban, nawa?" Kowace ta ba ta amsa ba tare da jin nauyi ba, ita kuma ta ƙara ɗaya da kanta. Lambobin suka dawo daidai da nawa, gida bayan gida. Kafin ta shiga mota ta ce mini, "Ka yi haƙuri, Mushe." Na ce babu komai, aikinta ta yi, kuma har zuciyata haka nake gani.

Injin ya iso bayan kaka. Mahaifiyata kuwa ta biya kuɗin maganarta, don kusan shekara guda matan garin suna ce mata "uwar mai jaka". In ta doso rijiya sai wata ta ce, "Ku matsa, ga wadda ta san ta haihu." Takan yi murmushi ta ɗebi ruwanta ta tafi.

Sau ɗaya na gwada yi mata godiya. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, na durƙusa daga nesa, na fara kame-kame. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri. Don injin na yi." Na tashi na ba ta wuri.

Tun daga lokacin ban sake cike wa kowa takarda daga cikin kaina ba, ko da na san amsar. Nakan zauna da mutane in ji yadda su za su faɗa da bakinsu, domin wanda zai zo tabbatarwa bakinsu zai saurara, ba sanina ba. Takardun nan a wani wuri ake tsara su, mutanen da suka tsara su kuma ba su san abin da ke da nauyin faɗa a garinku ba. Wani wurin ƴaƴa ne, wani wurin yawan dabbobi ne, wani wurin sunan miji. Ku da za ku nemi tallafin da na saka a makon nan, ku nemo naku tun kafin farar mota ta tsaya.

Mahaifiyata tana nan da ranta, ta tsufa, ƙafa ta fara gardama. Bara wasu ma'aikatan lafiya suka zo suna zagaya gidaje, ina zaune a ƙofar ɗakinta ina gyara mata fitila. Ɗayansu ya tambaye ta ƴaƴanta nawa, ta ce biyar. Ya rubuta biyar, ni kuma ban gyara masa ba. Sau ɗaya ta ƙirga da ni a duk rayuwata, ranar da aka ce ni maƙaryaci ne, kuma wannan ɗayan ya ishe ni.