Yadda Muka Zama Maitandu

A shekarar da aka rufe lakwal, wato makarantar boko, saboda yajin aiki, muna zaune a zangon Sokode, Baba ya tafi Dapaong da kamiyo, babbar motarsa ta kaya, ɗauko albasa, bai dawo ba. Matasa sun tare hanyoyi da tayoyi, sojoji sun tare nasu, kuma an ce a wasu shingayen sai an tambayi mutum ƙabilarsa kafin ya wuce. Sai labari ya zo cewa an ƙone wata mota gaba da Mango. Inna ta daina cin abinci. Ina ganinta tana zuba tuwon Baba a kwanonsa, da safe ta ɗumama mana shi.

Kakarmu Hajjo, mahaifiyar Baba, ba ta fasa al'adarta ba. Ana idar da isha'i za ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tura doya cikin toka. Ni takan kira Uwata, don sunan mahaifiyarta na ci.

"Kaka, a ina Baba yake kwana?" na tambaye ta ran nan.

"Ji ta da Allah! Uwata, ke kika haife ni, amma ba ki san gidanku ba? Matso. Ta yau ba ta Gizo ba ce, tamu ce."

Ta ce kakan kakanmu ya biyo ayarin goro daga ƙasar Hausa, ciwon ƙafa ya tsayar da shi a Mango, ayari ya wuce. Ba shi da komai sai sana'ar tandu, 'yar butar fata da mata ke zuba kwalli ko man shanu. Yakan gina siffar da yumɓu, ya jiƙa fata ya kankare ta har ta yi laushi, ya lulluɓe yumɓun da ita. In ta bushe sai ya farfasa yumɓun ta ciki, ya zazzage shi. Mutanen garin suka manta sunansa na yanka, kowa sai Maitandu.

"To amma ga halinsa," in ji Kaka, tana juya doya da yatsu kamar wuta ba ta jin ta. "Masu sana'a ɓoye hannu suke yi, sai ɗansu na ciki. Shi kuwa duk wanda ya tsuguna ya iya jure warin jiƙaƙƙiyar fata, ya zama almajirinsa. Ɗan Moba, ɗan Gurma, Kotokoli, bai taɓa tambaya ba. Ran da mutum ya fasa yumɓunsa na farko tandun bai tsage ba, sai ya ce masa, tashi, kai ma Maitandu ne. Haka sunan ya bazu, har Mandouri. Ubanku yana da ɗaki a garuruwan da bai taɓa takawa ba."

Inna tana bakin ƙofa, ta ce, "Iya, yau wa yake tuna wannan? Tandun ma wa yake yi?"

"Ke dai zo ki ci doya," Kaka ta ce. Ta ci gaba da jan tasbaharta.

Sai da azumi ya kusa Baba ya shigo, ya rame, a bayan keken wani. Bayan an gama kuka da hamdala ya ba mu labari. Ya bi ta hanyar daji don kauce wa shinge, mai ya ƙare masa kusa da Korbongou. Samari suka kewaye motar da sanduna, suna cewa ɗan leƙen asiri ne. Wani tsoho ɗan Moba mai suna Lare, da gicciye a wuyansa, ya ratso su ya tambaye shi sunansa. Da ya ji Baba ya ambaci Maitandu, sai ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Maitandu na wane gida?" Ashe kakan Lare a Mango ya koyi fata, shi ma Maitandu ne. Ya kama hannun Baba ya kai shi gidansa. Ya share masa wurin salla a gindin mangwaro, kuma duk ran da za a ci kaza, Baba yake miƙa wa wuƙar ya yanka da kansa.

Kaka ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya ta dubi Inna. "Doyar ta yi daɗi?"

A lokacin na ɗauka labarin na sa'a ne kawai. Sai da aure ya kawo ni Dapaong, na haifi nawa, na fara gane cewa wani bawan Allah da ban san kabarinsa ba ya ƙi yin rowar abin da ya iya, kuma ladan ya biyo jikokinsa har bakin motar Baba. Kullum ina sa shi a addu'a, shi da Kaka.

Da Lare ya rasu, na raka Baba gaisuwa, lokacin shi ma ya fara dogara sanda. Muka tsaya can gefe inda baƙi suke. Wani mai tsara zama ya zo ya tambayi Baba ko shi wane ne ga mamacin. Baba ya ce, "Ƙanensa ne." Mutumin ya dubi hularsa, ya dubi mayafina, ya je ya yi magana da babbar 'yar Lare. Ita da kanta ta taso, ta kama hannuna, ta kai mu tabarmar iyali.