Yarinyar da Ta Ƙi Cewa Seesaw

A ranar Asabar ta farko da muka yi a unguwar Abbey Wood ta Ingila, shekarar da na cika tara, na sauko daga flat ɗinmu sanye da rigar sanyin da ta yi mini yawa, na nufi ɗan filin wasan da council, wato ƙaramar hukuma, ta kewaye da ƙarfe a bayan gininmu. Ni da Ummata ba mu daɗe da zuwa daga Kano ba, mun biyo Abba wanda yake aikin likita a wani asibiti. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne wani dogon katako mai jan fenti, an ɗaure tsakiyarsa a kan ƙarfe, kowane gefe da wurin zama da mariƙi. Akwai irinsa a makarantarmu ta gida, muna cika shi dam har sai malam ya koro mu. Na zauna a gefe ɗaya ina jiran abokin hawa. Wata yarinya mai jan gashi, Gemma, ta tsaya tana kallona, sai na tattaro ɗan Turancina na ce ta zo mu yi lilo. Ta ce in maimaita, na maimaita. Ta kira sauran yara, suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Sai daga baya na gane dalili. A Turancin Ingila, lilo katifar roba ce da ake hurawa a kwanta a kanta cikin ruwa. Su kuwa katakon nan seesaw suke ce masa. Kafin Litinin sunana ya tashi daga Hadiza ya koma Lilo, a filin wasa da a makaranta. Lokacin break ina tsaye jikin bango ina kallonsu suna tsallen igiya da wani wasa mai kama da 'yar gala-gala, duk wanda ya gifta sai ya kumbura kumatu kamar mai hura katifa.

Umma ta ce in daina sauka filin, ga aiki nan ya ishe ni: shara da tsintsiyar da ta taho da ita cikin akwati, wanke-wanke, da raka ta Old Kent Road a bas mu ɗauko manja da garin kuka. Abba kuwa cewa ya yi, "Ki ce seesaw ɗin mana ki huta, kalma ce fa kawai." Ya ƙara da cewa shi ma a wurin aiki yana faɗarta, in zazzaɓin mara lafiya ya hau ya sauka ya sake hawa, sai su ce yana seesaw. Ba wai bakina bai iya ba ne. A banɗaki nakan tsaya gaban madubi in faɗe ta sarai. Har fassarata na yi mata: see gani ne, saw kuma na gani, wato in ka tashi sama ka gani, in ka sauko ka riga ka gani. Amma tun da aka mayar da kalmarmu abin dariya, na rantse ba za su ji tasu a bakina ba. Kullum na gama aiki sai in sauka in zauna a gefena na katakon, ɗaya gefen yana sama babu kowa.

Wata rana malamarmu, Misis Doyle, ta yi mana darasin asalin kalmomi, kuma ina zargin saboda ni ta zaɓi seesaw. Ta ce kalmar ba ta da alaƙa da gani. Daga saw na zarto ta fito: ɗaruruwan shekaru da suka wuce, mutum biyu ke riƙe dogon zarto, wannan ya ja, wancan ya ja, ana rera see-saw, see-saw daidai da kai-komonsa, daga baya yara suka ɗora sunan a kan katakon wasa. Ta ce wasu na cewa daga Faransanci ne, ma'ana wannan da wancan, amma ba ta gamsu da hakan ba, kuma a Amurka ma wani suna suke kiransa, teeter-totter. Na ji haushin rushewar fassarata, amma na ɗaga hannu. Na ce in har Amurkawa suna da nasu suna, to mu ma namu suna ne. Na kuma ce na taɓa ganin masu zarton nan da idona a layin 'yan katako kusa da gidan kakata, jikinsu duk garin itace, suna ja suna waƙa. Malama ta ji daɗi. 'Yan aji kuwa suka samu sabon abin tsokana.

A makon ne yayan Gemma, Dean, wanda ya girme ni ya kuma fi ni nauyi nesa ba kusa ba, ya zo ya ce zai hau da ni. Na yi murna, Allah ya sani. Yana zama na tashi sama, sai ya miƙe ƙafafu ya kafe a ƙasa. Ya ce ba zan sauko ba sai na faɗi sunan abin. Yara suka kewaye mu, yayyafi ya fara sauka, hannuwana suka ƙandare a kan mariƙi. Na kalle shi daga can sama na ce, "Lilo." Ya jijjiga katakon ya sake tambaya, na sake ba shi amsa, wannan karon da ƙarfi. Da ya gaji, sai ya zame ya tashi ba zato. Na faɗo tim, bakina ya bugi mariƙin, haƙorina na gaba ya ɓantare. Kafin in ɗago duk sun watse.

Umma ta wanke mini baki da ruwan gishiri, na ɗauka ni da fili mun yi bankwana. Washegari da la'asar sai na ga ta ɗora kwat a kan atamfarta, ta gyara mayafi, ta ce, "Taso mu je." Matar da kunya ke hana ta gaida maƙwabta da ƙarfi, ita ce ta ratsa tsakiyar yaran nan, ta tattare zani ta zauna a ɗaya gefen. "Hau," ta ce, "in ga mai hana ki." Na hau. Ta dinga tura ƙasa da ƙafa a hankali don kada nauyinta ya rinjaye ni, tana rera mini waƙar lilo irin ta gida da muryar da ta kai har barandar hawa na sama. Iyaye suka leƙo ta taga. Ba wanda ya yi dariya sai ita, don ashe rabonta da hawa tun tana 'yar firamare. Muka yi ta yi har aka kusa magariba. Ba a daina ce mini Lilo ba, amma daga ranar na fara amsawa da kaina a sama, kuma kafin hutu Gemma da kanta ta zo ta zauna a gefen nan ba tare da ta tambaye ni sunan komai ba.

Yanzu jirgin ƙasa mai sauri yana zuwa har unguwar, an giggina dogayen gidaje, filin ma an shimfiɗa masa roba mai laushi. An cire katakon, an kafa wasu 'yan dawakan wasa a kan murɗaɗɗen ƙarfe mai rausaya waɗanda yaro zai hau shi kaɗai ba ya bukatar kowa. 'Ya'yana suna jin Hausa amma da Turanci suke amsa mini, ni ma nakan ji kalmar nan tasu ta katakon a labarai in farashi ko wasan ƙwallo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Likitan haƙori ya sha cewa zai cike mini ɓantaren nan, ina ce masa ya bar shi. Umma ta koma Kano, gwiwoyinta ba sa barin ta ko hawa bene, kuma in na tuna mata ranar nan a waya sai ta ce ita ba ta san an yi haka ba, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ni dai na san an yi, kuma da zan samu la'asar ɗaya irin waccan, da ba zan nemi saukowa ba.