Raka'a Biyun Inna

A Fatakwal aka haife ni, a can aka haifi Inna ma, a unguwar Hausawa kusa da kasuwar Mile One inda Baba yake sayar da nama. Kano kuwa a bakinsa muke jin ta. In zai je gaida 'yan uwansa, Inna wuni take tana haɗa guzuri, ya yi kwana da kwanaki a jirgin ƙasa, ya dawo ƙafa a kumbure. Shi ya sa na ɗauka Kano tana can bangon duniya.

Da gari ya rikice, masu sayen nama suka daina haɗa ido da Baba. Wata safiya ya shigo ya ce jirgin saman da ya kwaso 'yan Gabas daga Arewa zai koma da mata da yara, kuma ya samar mana wuri. Maza sai dai su jira jirgin ƙasa.

"Malam, kai fa?" in ji Inna.

"Ina tafe bayanku. In kuma abin ya lafa, in aiko ku dawo."

Inna ta ƙulle dambun nama da garin rogo kamar za mu shekara a hanya. Da hantsi muka tashi, kafin azahar muna Kano, ko ƙullin ba a kwance ba. Ni har yau ban yafe wa jirgin nan ba. Shi ya nuna wa Inna cewa Fatakwal nan da nan ce, ita kuma ta yarda.

Gidan Gwaggo, yayar Baba, muka sauka. Inna ta yi azahar raka'a biyu, sallar ƙasaru irin ta matafiyi, ni ma na yi yadda ta yi. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba ta sauya ba. Gwaggo ba ta iya gani ta yi shiru.

"Ke wace irin matafiya ce, har kin san layin famfon unguwa? Wanda ya yi niyyar zama cika sallarsa yake."

"Ai ban yi niyyar zama ba, Yaya. Gobe in ya aiko, kafin azahar ina ɗakina."

Yaƙin basasa ya ɓarke, hanya ta rufe, babu jirgin sama babu na ƙasa. Gidan da aka ce wani ya dawo daga Gabas duk na je, kowa sai ya ce in yi haƙuri. Tsoro ya hana ni tambayar Inna komai. Sai na koma lura da sallarta. Na yanke a raina cewa muddin biyu take yi, Baba yana da rai.

Ran nan wani mai albasa da rumfarsa take jikin ta Baba a Fatakwal ya yi sallama, ya rame har ban gane shi ba. Aka aike ni ɗebo ruwa, ga randa a cike. Da na dawo na tarar ya tafi, Gwaggo ta shige ɗaki.

Aka kira la'asar. Na shimfiɗa ɗankwalina kusa da tabarmar Inna kamar kullum. Muka yi raka'ar farko, muka yi ta biyu, muka zauna tahiya. Ina jira ta juya kai ta sallame, sai na ji ta yi kabbara a hankali, ta dafa ƙasa, ta miƙe tsaye.